Gyaɗar Ƙauye, Benen Birni: Bitar Littafin Alhazan Maraɗi

Wani tsohon mushe ne, wato malamin makaranta, a Agye ya fara ɗora mini littafin nan a hannu. Daga ƙasan akwatin ƙarfe ya ciro shi, kwafi ne da aka ɗauki hotonsa shafi-shafi aka ɗinke da zare, gefensa duk ya sha yatsu. Ya ce, "Ɗana, tafi da wannan ka karanta, ka ga inda gyaɗar kakanninka ta shiga." Na kai shi gida Gazawa, na kwana huɗu a kansa, kuma tun daga ranar ban ƙara bin titin Gidan Rumji zuwa Tasawa da idon da nake binsa a da ba.

Sunan littafin Les Alhazai de Maradi. Emmanuel Grégoire ne ya rubuta shi, Bafaranshe masanin labarin ƙasa, cibiyar bincike ta ORSTOM ta buga shi a Paris a 1986, sannan Benjamin Hardy ya mai da shi Turanci a 1992. Wanda ya tsaya ga suna zai zaci tarihin attajirai kaɗai zai samu. Attajiran suna ciki, amma kafin marubucin ya kai gare su sai da ya gina musu gari, ya nuna yadda Maraɗi ta kafu, yadda Nasara ya same ta, da yadda ya juya ta. Wannan kashin ne ya fi kama ni, domin amsar da ya bayar a kan Maraɗi tana buɗe tarihin Tibiri, da Cadawa, da Agye, da Gazawa, ko da a wuraren da bai tsaya a kansu ba.

Abin da na ɗauka daga gare shi shi ne garuruwan yankin nan sau biyu aka haife su. Haihuwar fari ta yaƙi ce. A 1807 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Katsina, a 1808 Alƙalawa ta faɗi aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Sarautun Haɓe biyu suka wayi gari babu birni. Ɗan Kasawa, magajin gadon Katsina, ya yi gudun hijira ta wajen Damagaram, har mutanen kwarin Gulbin Maraɗi suka yi wa wakilin Fulani tawaye wajen 1819, suka kira shi ya zo ya zauna a cikinsu. Shi ya sa har gobe mai sarautar Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, kuma Ƙaura da Galadima da Durbi da 'Yanɗaka suna nan a fadarsa kamar yadda suke a tsohon birni. Gobirawa su ma haka. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka rasa rayukansu, sai Mayaƙi ya kafa Tibiri dab da Maraɗi, a ƙasar da yau take cikin gundumar Gidan Rumji. Birane biyu na 'yan gudun hijira, kafaɗa da kafaɗa, kowanne ya jingina da dajin gulbi, idonsa yana kudu inda aka kore shi.

Grégoire bai daɗe a wannan zamani ba, kuma ya dogara ga waɗanda suka riga shi, irin su Philippe David da ya yi rubutu a kan tsohuwar Maraɗi. Amma ya ciro abin da ake bukata: Maraɗin ƙarni na 19 sansanin yaƙi ce, arzikinta doki ne da hari da ganima, manyan ayarin fatake kuwa sun fi bi ta Tasawa da Damagaram da Kano. Wannan gaskiya ce da mutum zai iya mantawa idan ya ga Maraɗin yau, inda kowane lungu shago ne. Mu mutanen Gazawa muna da shaidar wancan zamani a rubuce. A watan Janairun 1851 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya biyo ta Tasawa ya sauka Gazawa a hanyarsa ta zuwa Katsina. Ya tarar da gari kewaye da kafi da gwalalo mai zurfi, shi ne ƙarshen ƙasar ƙawancen Maraɗi da Gobir ta wannan kusurwa, daga nan sai dajin da babu mai ratsa shi sai cikin ayari, da kangon Ɗankama a ciki. Duk lokacin da na bi hanyar kudu na ga gero da wake har inda ido ya tsaya, nakan tuna cewa nan ne dajin da ake shiga da addu'a.

Haihuwa ta biyu ita ce zuciyar littafin, kuma a nan marubucin ya nuna ƙwarewarsa. Bai ce Nasara ya kafa Maraɗi ba, domin bai kafa ta ba. Ya nuna yadda abubuwa kaɗan da Nasara ya zo da su suka haɗu suka sauya wa garin sana'a.

Na farko iyaka. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta zana da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato, ta bar wa Faransawa hanya marar ruwa tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Suka yi ta ƙorafi har aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo layin kudu, sannan tawagar Tilho da O'Shee ta bi ƙasa tana kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Da haka Maraɗi da Tibiri suka tabbata a hannun Faransa, Katsina da Sabon Birni a hannun Ingila. Kowane gidan sarauta, an raba shi biyu da alƙalami a Turai. Da fari ma Tasawa ce mazaunin kumandan Faransa, inda Sarkin Katsina Mijinyawa ya koma bayan rikicinsa da Ƙaura Hasau. Sai a 1927 aka mai da hedikwatar mulkin yankin zuwa Maraɗi. Wanda ya san Tasawa ya san Maraɗi a yau zai gane nauyin wannan sa hannu guda.

Na biyu lampo. Nasara ya ce harajinsa da kuɗi za a biya, kuɗin kuma nasa. Manomin da rumbunsa ke cike da gero sai ya zama matsiyaci ranar da dogarin sarkin kanto ya tsaya a ƙofarsa, in dai babu tsabar kuɗi a aljihu. Dole ya shuka abin da Nasara ke saya. Na uku kuwa jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911 ya buɗe cinikin gyaɗa a ƙasar Hausa gaba ɗaya. Gyaɗar Maraɗi ta bi wannan hanya, a bayan raƙuma da jakai da fari, daga baya a manyan motoci, ta ratsa ƙasar Ingilishi kafin ta kai teku. Sai a 1953 Faransawa suka ɓullo da shirin da suka kira Hirondelle don karkatar da wani kaso ta Dahome, a hau jirgin Paraku zuwa Kwatano. Kamfanoni suka kafa kantuna: CFAO, SCOA, da Compagnie du Niger Français, ga kuma Larabawan Labanan a tsakani.

A nan ne nake ganin littafin ya taɓa garuruwanmu kai tsaye. Da hare-hare suka tsaya, mutane suka fito daga kwari da bayan ganuwa suka hau jigawa. Mutum ya ɗauki iyalinsa da gatarinsa, ya sari daji, ya haƙa rijiya, wurin ya ci sunansa. Duba taswirar gundumomin Agye da Gidan Rumji ka ƙirga Gidan wane, Ɗan wane, Garin wane. Manyan ma irin Gidan Rumji da Gidan Sori da kalmar gida sunansu ya fara. Ƙasar jigawa mai yashi ita ce gyaɗa ke so, sai noman kuɗi ya bi sahun masu saran daji. Inda aka kafa ma'auni, kasuwa ta zauna. Inda kasuwa ta zauna, mota ta tsaya, mai tuwo ta kafa tukunya, maƙeri da mahauci suka biyo baya. Titin da ya ɗinke Gidan Rumji, Tibiri, Maraɗi, Cadawa, Agye, Gazawa da Tasawa kamar carbi, shi ya zaɓi garin da zai girma da wanda zai tsaya ƙauye. Agye da Gidan Rumji sai bayan 'yancin kai suka samu matsayin mulki na kansu, Gazawa kuwa sai a 2011 aka cire ta daga Agye ta zama gunduma, duk da ta girme su a littattafan matafiya.

Kakata ta wajen uwa ta ga zamanin awo da idonta. Takan ce idan kaka ta yi, tsakar gida ba ta da wurin taka ƙafa, mata da yara sun zauna da'ira suna ɓarar gyaɗa har yatsa ya yi kanta, ƙurar ɓawo ta cika hanci. Ranar kasuwa a ɗaure buhuna a jaki tun asuba. A bakin ma'auni akwai malamin awo da littafinsa, da yaran da ke ɗaga buhu, da layin manoma a rana. Ta ce kakana yakan tsaya yana kallon allurar ma'aunin nan kamar mai kallon fuskar alƙali, bai iya karanta ta ba, abin da aka faɗa masa shi ne. Idan ya karɓi kuɗi, kafin ya bar kasuwa an cire na lampo, an cire bashin da ya ci tun bazara, sauran ya sayo turmin atamfa da gishiri da kananzir a kantin da ke kallon ma'aunin. Kuɗin ba ya kwana a ƙauye. Na daɗe ina jin wannan labari a matsayin ƙorafin tsohuwa. Littafin Grégoire ne ya nuna mini cewa tsari ne mai hawa-hawa, daga kamfani zuwa babban mai saye, daga shi zuwa yaransa da ke zaune a kasuwannin ƙauye da kuɗin da aka ba su tun kafin kaka, kowane hawa yana cin rabonsa.

Sai ambaliyar 1945. Gulbi ya cika ya shiga tsohuwar Maraɗi da ke cikin kwari ya rushe gidajen ƙasa. Hukumar Nasara ta ɗauke garin ta hau da shi tudu, ta yanka tituna miƙaƙƙu da filaye a jere. Unguwanni suka hau da sunayensu, Bagalam, Ɗan Gulbi, Limanci, Maraɗawa, 'Yanɗaka, amma zaman ya sauya: a ƙasa fada ce cibiya, a tudu kasuwa da kantuna da ofishin kumandan suka raba mata girma. Shekara guda bayan haka, a 1946, aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka, mutum ya samu ikon ƙafarsa da lokacinsa. Ina son yadda marubucin ya ɗauki wannan ƙaura da muhimmanci. Ruwa ne ya kawo dalili, Nasara ya zana taswira, amma gyaɗa ce ta biya kuɗin ginin.

Daga nan littafin ya shiga abin da sunansa ya yi alkawari, kuma bai ba da kunya ba. Alhazan farko da yawansu a gindin ma'aunin kamfani suka koyi aiki. Sun ga yadda ake ba da bashi, yadda ake riƙe manomi, yadda ake haɗa sayen gyaɗa da sayar da kayan kanti. Da aka samu 'yanci a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA a 1962 ta karɓi fitar da gyaɗa, kamfanonin Turai suka fara ja da baya, 'yan ƙasa suka matsa gaba. Yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970 ya toshe wa arewacin Najeriya wasu hanyoyinta, Alhazan Maraɗi suka shiga tsakani da kaya. Farin 1973 da 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya noman da ya gina garin, amma suka tarar attajiran sun riga sun sa ƙafa a wasu jiragen: hatsi, shanu, sufuri, gine-gine, kwangilar gwamnati a shekarun kuɗin yuraniyom, da uwa uba shigo da kaya daga tashoshin teku a wuce da su Najeriya, taba da yadi da sauran abin da dokar can ta hana ko ta tsawwala wa kuɗin fito. Layin da aka zana don ya raba Maraɗi da Katsina shi ya zama gonar Maraɗi. Bambancin sefa da naira, da bambancin dokar duwan ta nan da ta can, su ne damina da takin wannan gona, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya kuma ita ce kunyarta. Ƙidayar 1977 ta samu mutum wajen dubu 45 a Maraɗi, ta 2012 ta samu fiye da dubu 260.

Abin da ya ɗaga littafin sama da rahoton tattalin arziki shi ne marubucin ya saurari kalmominmu. Bai tilasta wa Alhaji rigar ɗan jari-hujjar Turai ba. Ya ɗauki dangantakar ubangida da bara ya bi ta daki-daki: yadda yaro ke shiga hannun maigida ba da takarda ba, ya yi shekaru yana aike da rakiyar kaya, maigida ya yi masa aure, ya ba shi jari, wata rana shi ma ya tara nasa yaran. Ya gane cewa a nan ana auna mutum da arzikin mutane kafin arzikin kuɗi, kuma zakka da gina masallaci da kujerar Makka da tuwon da ake fitarwa zaure kowane dare ba a raba su da ciniki, domin su ne ke sa a yarda da mutum a ba shi kayan miliyoyi da baki kawai. Baƙo ne ya rubuta wannan, amma baƙon da ya zauna a zaure ya yi shiru ya ji. Na karanta shafukan nan ina ganin fuskokin da na sani.

Inda nake da magana da shi, ta ɗan ƙauye ce. Littafin yana tsaye a Maraɗi yana kallon waje, saboda haka Gazawa da Cadawa da Tibiri da ƙauyukan Gulbin Kaba sukan fito a matsayin wuraren da kaya ke fitowa. Amma a can ne ƙasa ta gaji. A can ne aka sare daji har saura ya ƙare, gona ta koma ana gadonta taki-taki, samari suka fara tafiya cin rani Kano da Legas. Benen da aka gina a birni yana da rami a wani wuri, kuma ramin a gonakinmu yake. Na so a ce an ba wannan rami babi guda cikakke. Haka kuma shigowar Nasara kanta. Wanda ya karanta labarin iyaka da kantuna zai iya ɗauka da takarda aka karɓi ƙasar. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso daga Birnin Ƙonni tana ƙone garuruwa tana kashe mutane, har Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su suka harbe shi a Ɗankori ranar 14 ga Yuli, Voulet da Chanoine su ma sojojinsu suka kashe su kwanaki kaɗan bayan haka a wajen Maijirgi, ƙasar Tasawa. Tsofaffin yankin nan ba su manta ba. Tsoron da manomi ya kai bakin ma'auni yana da tushe a wannan shekara, kuma tarihin kasuwa bai cika ba in an bar shi a gefe.

Mata ma sun yi ƙaranci a shafukan. Gyaɗar da ba ta hau ma'auni ba hannun mata take shiga, su soya, su daƙa, su matse mai, su yi ƙuli-ƙuli, su aika yara talla, da kuɗin su yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, wasu har su sayi fili a sabon gari. Barbara Cooper ta cike wani ɓangare na wannan giɓi da littafinta Marriage in Maradi na 1997, kuma ina ba duk mai karanta ɗaya shawarar ya nemi ɗayan. Ban ɗauki waɗannan a matsayin laifin da zai rage darajar aikin ba. Mutum ya ce zai yi magana a kan Alhazai, ya yi ta da gaskiya da haƙuri, ya kuma bar ƙofa a buɗe. Bin sauran hanyar aikin 'ya'yan yankin ne, musamman yanzu da Maraɗi take da jami'arta mai sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo. Kowace Gidan wane tana da tsohon da ya san wanda ya haƙa rijiyar farko da shekarar da aka kawo ma'auni, kuma tsofaffin nan ba jiranmu suke ba.

Babban burina ga littafin shi ne ya koma harshen da aka yi cinikin da shi. Kafin in mayar wa mushe kwafinsa, na zauna da wani kawuna da ya yi yaron awo a ƙuruciyarsa, ina karanta Faransancin ina juya masa da Hausa, sashen da ke bayanin yadda ake raba kuɗin saye tun kafin kaka. Ya saurara yana jan carbi, bai katse ni ba sai da na kai ƙarshen shafi. Sannan ya ce, "Yaro, wannan Nasaran ya zauna da mutane. Amma bai gaya maka ba, mu ba ma fita da kuɗin sai da dare, a cikin buhun gero, saboda 'yan fashi." Ya gyara zama a kan tabarma, ya fara lissafa mini kasuwannin da yake bi a kan raƙumi daga Gazawa, ɗaya bayan ɗaya, da ranar da kowace take ci. Na juya bayan takardar da ke hannuna na fara rubutawa, har aka kira magariba bai kai rabi ba.